Masu karɓar odar abinci ta manhaja, ku zo mu yi lissafi

Mai Dambu, Gwarinpa:
Salamu alaikum ƴan uwa masu sana'ar abinci. Dan Allah duk wanda yake karɓar oda ta manhajojin nan masu kai abinci gida ya zo ya faɗa min, ko ni kaɗai ce? Wata biyar kenan da na shiga, oda kam Alhamdulillahi tana shigowa har yaran kicin ba sa samun zama, amma jiya da na zauna da biro da takarda sai na ga ashe wasu nake wa wahala. Dambu da kaza 3,500 nake sayarwa, masu manhajar su cire kamishonsu kashi 20 wato 700, su ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan kamishon, roba da leda da cokali da sitika su ci wajen 300, to me ya rage bayan kuɗin kaza da gas? Ni da aka ce min kamisho kawai zan biya.

Maman Biyu, Barnawa:
Wa alaikumussalam Hajiya, wlh ba ke kaɗai ba ce. Ni kamishon ma bai dame ni ba kamar riƙe kuɗi. Ki sayar yau, kuɗin sai sati ya zagayo, in ya faɗo a ƙarshen mako ko ranar hutu ki ƙara kwana biyu, alhali mai nama ba ya jiran sati, mai kayan miya a kasuwa ma haka. Akwai satin da sai da na ranci kuɗin cefane wajen ƙanwata kuma ina da sama da dubu ɗari a cikin manhaja ina kallonsu da ido. Ga ciniki ga bashi.

Mai Shawarma, Zoo Road:
Hajiya ba ki ma zo kan furomo ba tukuna. Za su kira ka da daɗin baki wai ka shiga ragin kashi kaza na ƙarshen mako, sunanka zai hau sama, ni a zatona su ne za su ɗauki nauyin ragin, ashe daga jikina ake yanka. Laifina ne, ban karanta takardar yarjejeniyar ba, turanci ne shafi shafi na danna amincewa na wuce. Kuma ran da na fita daga furomon sai shagona ya koma can ƙasa, sai mutum ya gaji da jan waya kafin ya gan ni. Wato sai ka biya a gan ka, ka sake biya in an saya.

Uwar Masa, Kubwa:
Ni abin da ya ƙona min rai mayar da kuɗi ne. Na soya masa da zafinta, na zuba miyar taushe a roba na naɗe da salatif, yaron babur bai zo ba sai bayan minti 40, daga nan kuma ya biya ya ɗauki wata odar a hanya, ku kun san masa in ta huce ai ta tashi daga aiki, ga miya ta zube a akwatinsa. Matar ta ɗauki hoto ta tura musu, suka mayar mata da kuɗinta daga nawa, ta kuma ba ni tauraro ɗaya. Ba masa ba kuɗi, ga suna ya ɓaci. Amma gsky ban ga laifin yaran sosai ba, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 in ba su haɗa oda biyu uku ba ba sa samun riba. Yanzu dai miya a roba mai murfin murɗawa nake sawa, ita ma kuɗi ce.

Ɗan Agege:
Anti Uwar Masa sannu, Allah ya mayar da alheri. Ki riƙa ɗaukar hoton abincin da lokacin da kika miƙa shi, ni da haka na taɓa karɓo kuɗina sau biyu. Sannan abin da ba a lissafawa: waya daban, data, caji in ba wuta, da yaro guda da aikinsa kawai ya tsare waya don in oda ta shigo ba ka karɓa da wuri ba ta tsinke kuma su rubuta maka laifi. Mafi girma kuma kwastoman ba naka ba ne, lambarsa tana wajensu. Ku tuna Jumia Food da Bolt Food duk sun daina aiki a Najeriya a Disambar 2023, duk wanda kwastomominsa a manhaja kaɗai suke ai daga farko zai sake.

Baban Yara, Bronx:
Nan Amurka ma kukan ɗaya ne, kamisho yana kaiwa kashi 30. Sai da ta kai a 2020 lokacin korona birnin New York ya sa doka kada kamishon kai abinci da manhajoji ke cirewa daga gidajen abinci ya wuce kashi 15. Gidan abincin da nake aiki farashin manhaja daban, na wanda ya tako da ƙafarsa daban.

Maman Biyu, Barnawa:
Alhaji nima haka na yi, na ƙara 500 a manhaja. Wasu sun yi ƙorafi, wata har ta zo shago tana min faɗa wai na cuce ta, na nuna mata lissafin a waya ta yi shiru. Amma kowa ya duba yarjejeniyarsa tukuna kada ya zama an hana.

Mai Dambu, Gwarinpa:
Na gode ƙwarai, wlh har na ji sanyi. Fita gaba ɗaya dai ba zan yi ba don akwai ma'aikatan ofis a Wuse da ba don manhajar ba da ba su san da ni ba. Zan cire farfesu daga jerin tunda shi ne yake yawan zubewa, in ƙara farashi. Maman Biyu dan Allah 500 ɗin a kan kowane abinci kika ƙara ko manyan kawai? Kuma oda ta ragu bayan nan?