Tirwun, Garin da Ya Haifi Yakubu: Musayar Waƙa

Ɗan Tirwun:
Assalamu alaikum. Yau garinmu zan yi wa waƙa, mai baiti ya kawo nasa.

Da sunan Allah na ɗau alƙalamina,
In waƙe ƙasar da ta reni kakannina,
A gefen Bauchi take, can ne gidana,
Hanyar Maiduguri in ka bi, ɗan'uwana,
Kafin ka yi nisa ka iso Tirwun.

Garin Gerawa ne tun can da dauri,
Nan aka haifi Yakubu, namiji mai ƙwari,
Ɗan Dadi da ya bar gida tun da wuri,
Ya nufi Degel, karatu ne buri,
Amma cibiyarsa tana Tirwun.

Gun Shehu ya zauna har ya karɓi tuta,
Ya dawo ƙasarsa da niyya ya kafa ta,
Bauchin da kuke gani da ganuwarta,
A 1809 aka sa harsashinta,
Har yau akwai ƙofa mai sunan Tirwun.

'Yar Inkil:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ka faɗi gaskiya, amma kada a tsallake mu.

Na ji ka, Yaya, baitinka ya yi armashi,
Tirwun ta haifa, ba mai ja da shi.
Amma da ya dawo da tuta a hannunshi,
A Inkil ya sauka ya kafa sansaninshi.
Daga nan ya tashi ya gina birninshi,
Ƙofar Inkil na nan cikin ƙofofinshi.
A 1827 Kanemi na Borno ya taso da dakarunshi,
Yakubu ya tare shi, ya koma da bayanshi.
1845 ya cika, Allah ya jiƙan shi,
Ɗansa Ibrahim ya hau gadonshi.
Ku hanyar Maiduguri, mu ta Gombe, kowa da gefenshi,
Birni ɗaya ya haɗa mu, muna cin arzikinshi.

Baba Manomi:
Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Tarihi kun ba shi haƙƙinsa. Ni kukana na gona ne. Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 gari ke matsowa, yanzu ya iso har bakin rumbunmu.

Gonar da ubana ya huɗe da garma,
Ta ba mu dawa, ta ba mu gyaɗa ma,
Yau an ja igiya, an kafa turaku ma,
An yanka fuloti an sayar wa masu dama.

Ɗorawar da muke hutawa a ƙarƙashinta,
Mata su wanke kalwa su yi daddawarta,
An sare ta bara, bulo ya maye gurbinta,
Sai a bakinmu jikoki za su ji labarinta.

Kuɗin fuloti kafin kaka ya ƙare,
An sayi babur, an yi biki, an share,
Gona kuwa duk damina muna tare,
Wanda ya sayar, mudu-mudu yake awo a takure.

Ɗan Keke:
Allah ya ƙara maka lafiya, Baba.

A gafarce ni, Baba, in ɗan ce wani abu,
Inna ta ce da can in naƙuda ta zo, mota babu,
Yau ko da tsakar dare ne keke kan samu,
Kafin a yi salati goma asibiti ya karɓe mu.

Ni da kekena nake riƙe da gidanmu,
Wunti da Muda Lawal duk kan hanyarmu,
Masar da Inna ke toyawa a ƙofarmu,
Ma'aikatan birni ke layi su saya a gunmu.

Ban ce a sayar da gona ba, Babanmu,
Amma mu goma ne a kan gadon tsohonmu,
In an raba, kunya nawa ce rabon kowanenmu?
Ka nuna mana dabara, mu bi, iyayenmu.

Baba Manomi:
Tambayarka ta yi nauyi, yaro, ka ji tawa a taƙaice.

Kar a raba, ku noma ta tare,
Ɗaya ya yi huɗa, tara su kawo taki da ire-ire,
In an yi girbi a raba buhu a zaure,
Gado ya zauna, zumunci ya ɗore.

Gwaggo:
Kuna ta batun gona, ni harshe ke damuna,
Da Geranci kakata ta yi renona,
Da shi take faɗa, da shi take kirana,
Da shi take waƙar niƙa, ina goye ina barcina.
Yau in na yi shi, sai kallo daga jikokina,
Su amsa da Hausa, ba su gane zancena.
Hausa tamu ce, ga shi da ita nake baitina,
Amma Yakubun da kuke yabo, 'ya'yana,
Jinin Gerawa ne, dangin iyayena.
Masu jin harshen sosai sa'o'ina ne da yayyena,
Duk shekara ana ɗauke mini abokan hirana.

Ɗan Tirwun:
Gwaggo, kin sa jikina ya yi sanyi.

Ni ma gaisuwa kawai na iya a ciki,
Ran Juma'a zan zo, in na tashi aiki,
Da waya a hannu, da littafi da alƙalami a jiki,
Ki yi mana waƙar niƙa da ta ranar biki,
Mu naɗa, mu rubuta, mu raba wa 'yan Tirwun.

Ɗan Keke:
Ɗaukar tsofaffi a kaina take, Yaya,
Duk wadda Gwaggo ta ambata zan ɗauko ta, ba kuɗin haya.

Gwaggo:
Ku zo bayan la'asar, na gama aikina,
Zan aika a kira ƙawayena da ƙanena,
Kar ku zo ku kaɗai da waya, 'ya'yana,
Ku taho da ƙananan yaranku su zauna gabana,
'Yar Inkil, ke ma ki zo, akwai tabarma a zaurena.