Muhawara: dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kai ga masu sharar asibiti da 'yan sa-kai?

Malam Habu: Jama'a, ina nan a kan bakana. Tun da Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, a watan Mayun 2022, ƙananan ma'aikatan lafiya sun samu madafa. Tsohon tsarin inshorar lafiya na NHIS da aka ƙaddamar a 2005 kusan ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗai ya amfana. Yanzu inshorar lafiya ta zama tilas ga duk mazaunin Najeriya.

Anti Rabi: Malam, tilas ɗin a takarda ya tsaya. A asibitin sha-ka-tafi da nake aiki, baiwar Allah da ke share ɗakin haihuwa, ta wanke zannuwan jini, ta kwashe tsofaffin allurai, sunanta ba ya cikin takardar albashi. Alawus ake ba ta, shi ma sai wata ya yi nisa. Kwanaki allura ta soke ta a yatsa tana ɗaga kwandon shara. Kuɗin gwajin ciwon hanta da ya kamata a yi mata nan take, karo-karo muka yi a tsakaninmu. Wace inshora ce ta san da ita?

Malam Habu: Allah ya tsare ta. Amma Anti, wannan laifin masu aiwatarwa ne. Dokar ta kafa asusu na musamman don marasa galihu, kuma Buhari ya ce mutum miliyan 83 zai ɗauka.

Hajiya Binta: Malam Habu, duba waɗanda aka lissafa: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu buƙata ta musamman, sai matalauta tilis. Mai shara ko ɗan sa-kai yana fita aiki kullum, in an zo rajistar matalauta sai a ce ai ma'aikaci ne. In an zo cire kason inshora daga albashi kuma, a ce ba ma'aikacin dindindin ba ne. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi.

Nura: Hajiya, a yi mini afuwa, amma akwai BHCPF, asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Shi ya sa wasu asibitocin mazaɓu suka fara samun magani da gyara. Ma'aikaci ma yana cin moriyar safar hannu da ruwan famfo.

Anti Rabi: Gaskiyarka Nura, mun ga safar hannu, mun ga fenti. Katin inshora ne ba mu gani a hannun mai sharar ba.

Malam Habu: To me kuke so a yi, a soke dokar?

Hajiya Binta: Babu wanda ya ce a soke. Jihohi ne ke riƙe da hukumomin taimakekeniyar lafiya, irin KSCHMA a Kano. Ya kamata majalisar jiha ta rubuta ƙarara cewa duk wanda ke aiki a asibitin gwamnati, na kwantiragi ko na sa-kai, ƙaramar hukuma ta biya masa kuɗin rajista. Asibitocin kuɗi kuma kada a sabunta musu lasisi sai sun nuna katin masu shara da masu gadi.

Nura: Na asibitocin kuɗin ne ke ba ni tsoro. Wasu za su sallami mata biyu su bar ɗaya da aikin mutum uku.

Anti Rabi: Ai yanzu ma haka ake yi, Nura. Gara mai aikin mutum ukun ta samu kati.