Aiki ya cinye ni, manaja kuma ƙanen mai kamfani ne

Mai tambaya, daga Pantami, Gombe:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina riƙe da lissafin wani ƙaramin kamfanin ruwan leda mai ma'aikata 14. Ina shiga ƙarfe 7 na safe, ba na tashi sai bayan Isha'i, domin sai direbobi sun dawo da kuɗin ciniki na ƙirga, kuma tun da aka sallami mai kula da sito aka ɗora mini aikinsa ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Manajanmu yakan yi wa mutum tsawa a gaban yara masu lodi, idan na nemi hutu sai ya ce masu neman aiki suna nan jibge a ƙofa. Barci ya ƙaurace mini, lissafi ya fara kuɓuce mini, ranar Litinin ma na daɗe zaune kan babur a ƙofar kamfanin na kasa shiga. Ragwanci ne ya kama ni, ko ina da haƙƙin da zan nema?

Wani dattijo, daga Jekadafari:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, wannan ba ragwanci ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin abin da doguwar matsin lambar aiki ke haifarwa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun yini ɗaya a kowane mako, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki tare da albashi bayan wata 12, kuma wajibi ne a ba shi takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da ɗaukarsa. Sai dai kada ka dogara da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, domin bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Wata 'yar'uwa, daga Bauchi:
Malam, na sha irin wannan a wani shagon magani. Kai ƙarar ƙane wurin wansa abu ne mai nauyi, saboda haka kada ka je kai kaɗai. Ka rubuta lokacin shigarka da na tashinka na wata guda, ka nemi dattijon da mai kamfanin ke jin nauyinsa ya raka ka, sannan ka roƙi abu biyu kawai: ranar hutu da sabon mai sito. Rashin barcin kuwa, ka je asibiti.

Mai tambaya:
Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Ni ko takardar sharuɗɗan aikin ba a taɓa ba ni ba, daga nan zan fara insha Allah.