Kuɗin riɗi a hannu: sifired betin, ƙarin fansho ko hannun jari? Ga kuma batun haraji

Ɗan Gagarawa:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana harkar kuɗi ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Ina aiki da wani kamfanin casar shinkafa ana cire min fansho duk wata, sannan ina ɗan taɓa noma a gida. Bana Allah ya sa riɗi ya yi, na sayar na biya bashin taki da na 'yan ƙwadago, ya rage min kamar miliyan ɗaya da rabi, kuma na san halin gidanmu, in kuɗin nan suka kai azumi a akawun ɗina to sai dai labari, wannan ya zo da suna wancan ya zo da asibiti.

Ɗan baffana da ke Ingila ya ce in shiga wani abu wai sifired betin, ta waya ake yi, kuma ya ce ko sisi ba a biyan haraji a kan ribar. Wani abokin aiki kuma ya ce in zuba su a fansho na ganin dama. Ni raina ya fi kwanciya da hannun jari, amma ana ta cewa sabuwar dokar haraji za ta cinye ribar. Sannan akwai takardun hannun jarin banki na marigayi Baba tun na 2007 a cikin adakarsa, har gara ta fara cin gefen ambulan. Ya zan yi?

Tsohon Akanta Haɗeja:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da na ɗan baffanka don shi ne mai haɗari.

A wannan harka ba ka sayen komai. Ba hannun jari, ba zinare, ba dala. Kamar ka je Maigatari ran Alhamis ne ku yi da wani cewa duk naira ɗarin da buhun riɗi ya ƙara zai ba ka dubu, duk ɗarin da ya rage kai za ka ba shi dubu, alhali ba wanda ya ɗauki buhu a cikinku. Haka suke yi a can, ka sa misali fam 2 a kan kowane ɗigo na motsin farashi, in farashi ya bi inda ka ce da ɗigo 100 ka ci fam 200, in ya juya maka baya da 100 an cire maka 200. Kamfanin kuma farashi biyu yake ba ka, na saye da na sayarwa, tazarar da ke tsakani ita ce cinsa, ko ka ci ko an cinye ka shi ya samu. Sannan suna barinka ka juya abin da ya fi kuɗinka yawa, a Ingila har ninki 30 a kan manyan kuɗaɗen duniya, kaga motsin kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari ya isa ya lashe abin da ka ajiye. Hukumar FCA da ke sa musu ido ta tilasta musu rubuta kashi nawa na kwastomominsu ne ke asara, ka ce ɗan baffan naka ya duba shafin kamfaninsa ya karanta maka, za ka ji masu asarar sun fi yawa.

Maganar babu haraji gaskiya ce, amma ga mazaunin Ingila, kuma dalili shi ne hukumar harajinsu a matsayin caca ta ɗauke shi, shi ya sa in ka yi asara ma ba za ka rage ta daga wani harajin ba. Amurka ba su ma yarda da shi ba. Kai da ke Gagarawa wannan rangwamen bai shafe ka ba, abin da za ka tarar a waya su ne manhajojin foreks na cinikin kuɗaɗen waje, da yawansu ko rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari a Najeriya, ba su da ita, in suka rufe ba ofishin da za ka je.

To haraji a nan gida. Kala biyu ne a kan hannun jari. Na farko ribar da kamfani ke rabawa duk shekara, ana cire kashi 10 tun kafin ta shigo akawun ɗinka, in an raba maka 20,000 alat ɗin 18,000 za ka gani, shi ke nan ba wanda zai sake bin ka. Na biyu in ka sayar da hannun jarin ka ci riba. Dokar kuɗi ta 2021 ta ce sai abin da ka sayar cikin wata 12 ya kai miliyan 100 sannan a karɓi kashi 10 na ribar. Sabuwar da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2025, mai fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta kai iyakar miliyan 150, matuƙar ribar ba ta wuce miliyan 10 ba. Kai da miliyan ɗaya da rabi sai ka ninka kuɗinka sau ɗari kafin ka iso bakin wannan maganar, manyan Legas ne ke kuka da ita kai ka ɗauko ka ɗora wa kanka. Abin da zai taɓa ka shi ne la'adar dillali da 'yan cajin da ake cira wajen saye da wajen sayarwa, don haka ba a yawan shiga da fita.

Sarkin Turke:

Yallabai Akanta ya gama magana a kan na wayar nan. Akwai wani yaro maƙwabcinmu, da ido na gani, kullum in an yi isha yana kan dakalin makarantar firamare don nan kaɗai sabis ke kamawa, waya a hannu fawa banki a aljihu yana kallon jan layi da koren layi har dare ya raba. Ranar da abin ya juya masa sabis ne ya ɗauke, kafin ya dawo an rufe masa komai. Mashin ɗin da yake kabu kabu da shi ya sayar ya zuba wai zai mayar da gurbi, yanzu na haya yake ja.

Ni dai shawarata ka sayi raguna ka turke kafin babbar salla, ko ka sayi wake ka ajiye. Kuɗin takarda me ya rage musu? Dalar da muka sani 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 a 2024. Abin da idonka ke gani a turke ya fi min lambobi a waya.

Maman Ikram Kazaure:

Sarkin Turke ka tambayi waɗanda suka ajiye masara da shinkafa a 2025 yadda suka kwashe da farashi ya faɗo, ga kuɗin dusa da harawa ga ɓarayin dabbobi. Ba na ce kiwo ba shi da kyau ba, amma shi ma ba tabbas ba ne.

Ɗan uwa ni a kan takardun Baba zan yi magana don na bi wa mahaifiyarmu irinsu. Da farko cire su daga adakar nan ka sa a leda ka ɗauki hotonsu. Duba sunan banki da sunan rijistaran da ke jikin takardar, don rijistara ne ke riƙe da sunayen masu hannun jari ba reshen bankin da ke kusa da ku ba. Za su nemi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu ta waɗanda za su kula da dukiyar mamaci, sai a buɗe akawun na magada, dillali ya buɗe muku asusun CSCS, wato inda ake ajiye hannun jari, a mayar da takardun na kwamfuta, ku cike fom ɗin da ke sa riba ta riƙa shigowa banki kai tsaye da BVN. Akwai wahala da jeka ka dawo ba zan ɓoye maka ba. Amma ka fara shiga shafin SEC ka rubuta sunan Baba yadda yake a takardar, akwai wajen duba ribar da ba a karɓa ba, mutanenmu da yawa sun sayi hannun jari lokacin da ake rububinsa kafin kasuwa ta faɗi a 2008, adireshin akwatin gidan waya suka bayar, ribar tana can ta taru. Wadda ta haura shekara 6 ana mayar da ita wani asusun gwamnati amma har yanzu haƙƙinku ne.

Sai dai kar ka sa rai da yawa kafin ka ga sunan bankin. Intercontinental ya shige Access, Oceanic ya shige Ecobank, waɗannan akwai hanyar bi. Afribank da Bank PHB da Spring kuwa karɓe su aka yi a 2011, masu hannun jarinsu sai haƙuri.

Abu Safiyya Ringim:

Allah ya saka. Abu biyu zan ƙara. Takardun nan gado ne, ba naka kai kaɗai ba, a zauna da sauran magada har mata, kuma tunda na bankin ruwa ne a tambayi malami yadda za a yi da ribar. Na Ingilan kuwa ko ba a tambayi kowa ba, ba kaya ba ciniki sai cin kuɗin juna a kan hasashe.

In halal kake nema akwai Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar ruwa, an fara shi 2017 da biliyan 100 don gina hanyoyi, da 10,000 ma ana shiga, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara kuma ba a cire masa haraji, sai dai ba kullum ake buɗe shi ba sai ka sa kunne. A kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, kuma akwai jerin kamfanonin da aka tantance da shari'a mai suna Lotus, dillali zai nuna maka. Kuma tunda kana ta lissafin harajin gwamnati, kar ka manta da zakka in dukiya ta kai nisabi ta shekara, biyu da rabi cikin ɗari.

Tsohon Akanta Haɗeja:

Na tsallake fansho. Dokar 2014 ta ce kai kashi 8 na albashi kamfaninka kashi 10, ka fara neman sitetimen daga PFA ɗinka, wato kamfanin da ke riƙe da fanshonka, ka tabbatar ana zuba maka, don wasu ƙananan kamfanoni cirewa suke a albashi su danne. Na ganin daman kuma a yadda aka saba ta albashi yake bi, ka gaya wa akantanku ya ƙara cirewa, ba wai ka ɗauki kuɗin riɗi dunƙule ka kai ba, kuma in ka cire kafin shekara 5 za a karɓi haraji a kan abin da ya haifa. Asalin fanshon sai ka kai shekara 50, ko ka rasa aiki ka yi wata 4 a ba ka kashi 25 na abin da ya taru. Ga mai noma da ke buƙatar kuɗin taki duk damina wannan ɗauri ya yi yawa. In ruwa ne damuwarka ka ce su mayar da kai asusu na 6, shi ne marar ruwa. ('Yan aikin jihar Jigawa kar ku rikice, naku tsarin daban ne.)

Da ni ne, zan ware kuɗin noman baɗi gefe guda tukuna kar a taɓa, abin da ya rage in raba tsakanin kamfani biyu ko uku masu raba riba irin su siminti da MTN, in jira Sukuk da sauran.

Ɗan Gagarawa:

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na buɗe ambulan ɗin, takardu uku ne, biyu na bankunan da har yanzu suna nan, ɗayar gara ta cinye daidai wajen lambar. Na kira yayanmu za mu zauna ran Juma'a bayan masallaci. Ɗan baffa kuma ya ji haushi wai ba na son ci gaba. Hajiya Maman Ikram, dillalin nan dole sai na shiga Kano ko ana yi ta waya?

Maman Ikram Kazaure:

Naka na kanka ta waya ma za ka buɗe, BVN da NIN da hoto, amma ka duba sunan kamfanin a jerin masu rajista na SEC kafin ka tura ko naira. Na gadon ne zai sa ka taka, ka haɗa takardun kotun tukuna kar ka yi asarar kuɗin mota. Wadda gara ta ci kuma ba komai, rijistara na da lambar a wajensu, suna da adireshin da Baba ya bayar za su tambaya.