Yaya tela zai yi ya riƙa ganin 'ya'yansa a farke?

Telan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga masu sana'ar hannu da suke da iyali.

Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi, shekarata goma sha ɗaya a kan keke. Shagona yana Fagge, gida kuma yana Ɗorayi. Kekuna uku gare ni da injin surfani ɗaya, sai yara biyu masu taya ni: ɗaya ya iya yanka, ɗayan har yanzu guga da saka maɓalli ne iyakarsa. Aiki alhamdu lillahi akwai shi, ba kukan rashi na zo yi ba.

Ga yadda ranata take. Ina buɗe shago ƙarfe tara na safe, ba na rufewa sai sha ɗaya na dare. In aka kawo wuta da daddare kuwa sai abin da hali ya yi, don tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 duk awar da na yi a kan janareta daga ribata take fita. Kafin in isa gida yara sun yi barci. Bayan asuba in na koma na kwanta, kafin in farka sun tafi makaranta. A gida ɗaya muke kwana, amma sai in yi kwana huɗu ban ji muryar ɗana ba. Wayar ma ba ta barin mutum. Ƙarfe ɗaya na dare wani zai turo hoton aikin wuya a WhatsApp, ya biyo da "Oga ka gani?", in ban amsa ba ya kira.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙaramar Sallar da ta wuce. Daren jajibere a shago muka kwana, na sallami kwastoma na ƙarshe ana kiran assalatu. Na ce bari in ɗan miƙe a kan teburin yanka, ban farka ba sai da aka sauko daga Idi. Da na isa gida na tarar da yarona mai shekara bakwai sanye da kaftanin bara, hannun rigar ko wuyan hannunsa bai kai ba. Shaddarsa ni na sayo da kaina a Kantin Kwari tun farkon azumi, ina ta cewa gobe, gobe. Mahaifiyarsa ba ta ce mini uffan ba. Ɗauko shaddar kawai ta yi a ledarta, ta ajiye a kan matashina. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ga Sha'aban ya matso, ba na so a maimaita. Masu irin wannan sana'ar, yaya kuke raba lokaci tsakanin shago da gida ba tare da kwastomomi sun gudu ba?

Tsohon Maɗinki:

Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta, na yi dariya, na kuma ji tausayi, don ni ma na kwana a kan teburin yanka ba sau ɗaya ba. Na fara da keken Butterfly na ƙafa, lokacin da ba ruwanmu da wuta sai wajen guga, shi ma dutsen gawayi ne.

Ka ɗora laifin a kan wuta da waya. Suna da nasu kason, amma ciwon yana cikin littafin awonka. Amsa mini wannan: kaya nawa shagonka yake iya gamawa a rana ɗaya, daga yanka har guga, ba tare da kowa ya wuce isha'i ba? Mafi yawan teloli ba su taɓa ƙirgawa ba. Duk wanda ya shigo da leda sai a ce "ajiye, babu damuwa", a karɓi kafin alƙalami a zuba a aljihu. To daga ranar da ka ci kuɗin nan ka sayar da darenka, sai dai ba ka san wane dare ba ne. Abin da ya sa har aka mayar da alƙawarin tela abin ba'a ke nan. Ba maƙaryata ba ne mu, lissafi ne ba ma yi.

Abin da na koma yi a shekaruna na ƙarshe a shago shi ne wannan. Ranar 1 ga Sha'aban nake zama da biro. In ƙirga kwanaki har zuwa 27 ga azumi, in cire Juma'o'i, in ƙara cire mako guda saboda rashin lafiya da rasuwa da lalacewar keke, don dole sai ɗayansu ya faru. Abin da ya rage in ninka shi da kayan da muke gamawa a rana. Adadin da ya fito, sai in ja layuka daidai shi a littafi, in sa lamba. Ranar da layi na ƙarshe ya cika, littafi ya rufe, ko da goma ga azumi ne. Ka kuma tuna hannu yana yin sanyi da azumi, kada ka auna Ramadan da ƙarfin Sha'aban.

Layukan farko guda biyar na gidana ne. Su ake fara yankawa, su ake fara ratayewa. Kai ka sa ɗanka a ƙarshe saboda shi ba zai zo ya tsaya maka a bakin shago yana ɗaga murya ba.

Wanda ya zo bayan littafi ya rufe, ba na korarsa. Ina da teloli biyu da na yarda da hannunsu, sai in ce yaro ya raka shi. In ya nace sai ni, na ajiye layuka goma na gaggawa, kuɗinsu ninki ne. Za ka sha mamakin yawan masu cewa "Baba ai ba sauri nake ba, bayan Sallah ma ya yi" da zarar sun ji farashin.

Kuma ka tuna abin da Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i, lokacin da ya tarar ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina kula da kanta: Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa. Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ibada fa ake magana a can, ba surfanin wuyan riga ba.

Ɗan Kwari:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma zamaninku daban ne. Lokacin da kuke rufe littafi nawa ne kwanon shinkafa? Tela a wata biyun nan yake haɗa kuɗin hayar shago da na makarantar yara da na ragon layya. Bayan Sallah sai ka ga keke ya yi ƙura. Mu ma a kasuwa haka ne, kaka ce, in ta wuce ta wuce. Sannan kwastoman da ka tura wa wani tela, in ya ji daɗin hannunsa, ka yi bankwana da shi.

Ni shawarata ka daure wata biyun, ka yi wa uwargida bayani, bayan Sallah ka ɗauki mako guda ka kai su ganin dangi. Yara ba ganin fuskarka za su ci ba.

Tsohon Maɗinki:

Ɗan Kwari, ka sake karanta abin da yaron ya rubuta. Tara na safe zuwa sha ɗaya na dare ba na azumi ba ne kawai, haka yake yi duk shekara. Kuma kai yadi kake sayarwa, in ka auna ka yanka an gama. Shi kuwa in ya yi ɗinki ƙarfe uku na dare ido na rufewa, aljihu zai karkace, kwastoma ya dawo da shi, a farke a sake. Wannan ma hanyar rasa kwastoma ce, kuma ta fi taka sauri.

Nas daga Zariya:

Ɗan'uwa, ni ba tela ba ce, ma'aikaciyar jinya ce, bari in shigo ta ɓangarena. Na lissafa maka: awa 14 sau kwana shida, awa 84 ke nan a mako, ban ma sa Juma'a ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoton da ya nuna mai yin aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka gwada da mai yin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanyar a 2016 kaɗai. Kai ka zarce 55 ɗin da kusan awa talatin.

Yaushe rabonka da awon jini? Hawan jini ba ya sallama. Ka tsaya a kemis ko asibitin unguwa a gwada ka kafin Sha'aban, a sake bayan Sallah. Zaman keke kuma yana cin baya da wuya da ido. Tunda Allah ya raba mana rana da salloli, ka mayar da kowace sallah lokacin miƙewa, ka taka zuwa masallaci maimakon shimfiɗa darduma a bayan keke.

Sai yaranka na shago. In ka ga yaro ya kwana biyu a kan guga bai yi hamma ba, ka bincika abin da yake sha. Ba kofi ko goro kaɗai ake amfani da su wajen korar barci ba yanzu, muna ganin waɗanda Tramadol ya kawo mana suna farfaɗiya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta ce ma'aikaci yana da hutun kwana ɗaya cikin kowane bakwai, da hutun awa guda in aikin ya kai awa shida.

Ni in na sauko daga aikin dare, wayata a kashe take har azahar. Da farko dangi sun yi ƙorafi, yanzu kowa ya san lokacin.

Ma'aikaci a Kaduna:

Mu nan an mayar da mu aikin kwana huɗu a mako a Disamban 2021. Ka san abin da da yawanmu muka yi da Juma'ar? Wani ya koma gona, wani ya buɗe shagon POS. Lokacin da aka ba mu don iyali mun kai shi kasuwa. Faransa ma sai da ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2017, kan 'yancin ma'aikaci ya kashe wayar aiki bayan an tashi. Kai da kake maigidan kanka ba ka da wanda za ka kai ƙara.

Matar Tela:

Malam, bari in faɗa maka abin da matarka ba ta faɗa ba ranar da ta ajiye shaddar nan, don ni ma a gidan tela nake shekara tara.

Ba yini guda muke nema ba. Mun san sana'ar, da ita muke ci. Abin da yake ƙona rai shi ne rashin sanin lokaci. A dafa tuwo a rufe, a ɗumama, a sake ɗumamawa, yaro ya ce zai jira Abba har barci ya kwashe shi a kan tabarma. In ka ce tara, ya zama tara. Gara ka ce sha ɗaya ka cika da ka ce takwas ka shigo sha biyu.

Maigidana abu biyu ya canza. Ya sayi ƙaramar waya ta gida, lambar dangi kawai suka sani. Ta shago kuwa a aljihun tebur take kwana, ya sa mata WhatsApp Business, duk wanda ya turo saƙo bayan rufewa amsa take zuwa masa da kanta cewa sai tara na safe. Ko mutum ɗaya bai bar shi a kan wannan ba. Na biyu, shi yake kai yara makaranta a kan mashin. Minti ashirin ne, amma a nan yake jin wa ya doki wa, wa aka ba hadda, takalmin wa ya tsinke. Kai da Ɗorayi ta yi maka nisa da Fagge ba za ka iya dawowa cin abincin dare ka koma ba, to safiya ita ce taka. Sai dai ba za ta samu ba in ba ka kwanta da wuri ba.

Ɗan Kwari kuma da ya ce yara ba fuska za su ci ba, a tambayi matarsa.

Telan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi lissafinka jiya da daddare. Kwana 42 suka rage bayan cire-cire, kaya uku a rana, 126 ke nan. Na buɗe littafin bara na ƙirga abin da na karɓa: 193. Na daɗe ina kallon lambar nan.

Ɗan Kwari, maganarka ma ba ta faɗi ƙasa ba, don kaya 67 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ina tunanin ƙara farashi kaɗan, in kuma ɗauko tela ɗaya na wata biyu ya hau keken da yake zaune. Inda na rasa mafita shi ne wani Alhaji da ya riƙe ni tun ina yaron shago. Duk shekara sai 25 ga azumi yake aiko direba da kaya goma sha biyu, nasa da na 'ya'yansa. Wannan ban san da bakin da zan ce masa littafi ya rufe ba. Baba, in na je gidansa da tef tun yanzu na ce na zo ɗaukar awo, zai zama rashin kunya?

Hajiya Nas, an gwada ni, an ce in dawo bayan mako biyu a sake. Yau kuma ni na kai yara makaranta. Kafin mu fita na ɗauko tef na auna yaron, sai na ga awonsa da yake littafina na shekara biyu da suka wuce ne, tsawon riga kaɗai ya ƙaru da inci uku. Yana tsaye ya ware hannuwa, ya ce in sa masa aljihu a gefe irin na rigata. Na rubuta shi a layi na ɗaya.