Ƙanena ya tuba, amma unguwa ta ƙi manta tsohon halinsa

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Ƙanena ya karɓi Yesu wata 8 da suka wuce, an yi masa baftisma. Kafin nan mashayi ne, ga caca, ga cin bashi. Yanzu in ya ɗauki Littafi Mai Tsarki zai tafi majami'a, tsoffin abokansa da maƙwabtan da ba ruwansu da ikkilisiya sai su ce: "Wai kai ne za ka yi mana wa'azi? Mun san ka." Ya fara ƙin fita. Me zan gaya masa?

Wani dattijon ikkilisiya: 'Yata, ki fara raba masu maganar gida biyu. Akwai waɗanda ya cuta, akwai masu ba'a kawai. Wanda yake binsa kuɗi ba tsananta masa yake yi ba, hakkinsa yake nema. Kada ƙanenki ya karanta masa 2 Korintiyawa 5:17 cewa shi sabuwar halitta ne alhali kuɗin mutum na hannunsa. Wannan shi ke sa a ce tuban wayo ne.

Ya samu takarda ya rubuta sunan kowa, nawa ne, tun yaushe. Ya fara da mafi talauci a cikinsu, ba mafi surutu ba. Ya je da dattijo ɗaya a matsayin shaida, ya faɗi laifin da sunansa: "Na ci kuɗinka, na yi maka ƙarya." Kada ya ƙara da "amma". In ba zai iya biya gaba ɗaya ba, su yanka abin da zai riƙa kawowa duk wata, ko da kaɗan ne, a rubuta, kowa ya sa hannu. Inda ake faɗuwa shi ne alkawarin da ya fi ƙarfin aljihu: wata biyu ya kasa, sai a ce ai dama hali zanen dutse. Zakka, mai karɓar haraji, a Luka 19:8 da bakinsa ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki 4, tun ba a tambaye shi ba.

Wata uwar zumuntar mata: Baba ya faɗi gaskiya. In ƙara da cewa in akwai matar da ya wulaƙanta ko iyayen da ya zaga, ya nemi gafara sau ɗaya da gaske, ya bar su. Yafiya ba a karɓarta da ƙarfi. Kuma in fasto ya ba shi dama ya ba da shaida, ya yi maganar zunubinsa shi kaɗai, kada ya kira sunan waɗanda suka sha tare. Daga kiran suna ne ƙiyayya ke tashi.

Wani malamin ajin baftisma: Masu ba'a kuwa, amsa gajera ta isa: "Gaskiya ne, na yi. Na daina." Gardama tana mutuwa idan ba a musa ba. 1 Bitrus 4:4 ta riga ta faɗa cewa tsoffin abokai za su yi mamaki, su zage shi don ya daina bin su. Ki nuna masa Ayyukan Manzanni 9:26-27 ma: almajiran Urushalima kansu sun ji tsoron Shawulu, wato Bulus, wanda kafin ya tuba yake tsananta wa masu bi, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya tsaya masa. Ƙanenki na bukatar Barnabansa, namiji babba da zai riƙa biyo masa ran Lahadi su wuce ta gaban mutanen nan tare.

Ku kuma ikkilisiya, kada ku yi gaggawar ba shi ajiyar baiko ko shugabancin matasa don ku nuna ya canza. 1 Timoti 3:6-7 ta hana ɗora sabon tuba a kan shugabanci, ta ce sai na waje ma sun shaide shi.

Mai tambaya: Na gode, Baba, Mama, Malam. Akwai babur da ya sayar ba da sanin mai shi ba. Shi ma haka za a bi?

Wani dattijon ikkilisiya: Wannan ya shafi hukuma, kada ya je shi kaɗai. Ku fara ganin lauya, sannan fasto da mai unguwa su zauna da mai babur ɗin, a yi sulhun a rubuce.