Neman Kalma: Me Za Mu Kira "Antivirus" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta ɗan jagora da Hausa domin yaran da nake koya wa gina manhaja. Na iso babin da zan faɗa musu irin kariyar da za su ɗora wa kwamfutar aikinsu, sai alƙalami ya cije. Kalmar antivirus ce ta tare mini hanya. A bakin masu gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano "antibairos" ake cewa, kowa kuma ya gane. Ni ba na ƙin aro, ai kwamfuta da intanet duk aro ne, sun zauna daram. Damuwata ita ce wannan kalma ba ta gaya wa yaro komai game da aikin abin, kuma wanda bai san aikin abu ba ba zai iya zaɓensa ba. Ku taya ni nema.

Kafin a fara jefo kalmomi, ga ɗan asali. Su kansu Turawa daga asibiti suka aro sunan. A 1983 wani ɗalibi a Jami'ar Kudancin Kaliforniya, Fred Cohen, ya gwada wata 'yar manhaja da ke liƙe wa wasu manhajoji tana hayayyafa, malaminsa Leonard Adleman ya raɗa mata sunan ƙwayar cuta, wato bairos. A 1986 aka ga Brain, wadda wasu 'yan uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan, tana bin faifan fulofi daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Tunda daga asibiti suka ɗauko, mu ma muna da damar shiga namu rumbun kalmomin lafiya, ba sai mun bi tasu harafi da harafi ba.

Sannan a lura, yawancin abin da ke cutar da kwamfuta yau ba bairos ba ne a ma'anarsa ta asali. Akwai mai shigowa cikin rigar manhaja ta gari, akwai mai leƙen asiri yana kwashe kalmomin sirri, akwai mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ya durƙusar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017. Duk sunan da muka ɗaure da "bairos" ya tsufa tun kafin a yanke masa cibiya.

To, na ga amsoshi sun fara shigowa, Allah ya saka da alheri.

Mafi rinjaye kun ce rigakafi. Na fahimci dalili, kalma ce mai daɗi, kowa ya san rigakafi ya fi magani. Amma ku tuna yadda Bahaushe ya san rigakafi: a kai yaro, a ɗiga masa ko a yi masa allura, a dawo gida, an gama sai wani zagaye. Wannan tunanin shi ne ainihin abin da nake yaƙi da shi wurin ɗalibaina. Yaro zai ce maka an sa masa antibairos ranar da ya sayi kwamfutar, shekara biyu ke nan, bai taɓa bari ta sabunta ba saboda tsadar data. A ransa an yi masa rigakafi. Idan muka ba shi wannan suna mun tabbatar masa da kuskurensa. Ban jefar da kalmar ba, zan dawo kanta, tana da gurbi.

"Maganin bairos" kuwa bai yi ba. Magani sai an kamu.

Malam, Allah ya ƙara ilimi, na ga ka kawo makari. Wallahi kalmar ta burge ni, don ita ce ta fi kusa da "anti" ɗin nan, abin da ke karya ƙarfin dafi ko sammu. Sai dai makari ma bayan an sha gubar ake nemansa, kuma kowace guba da nata makarin. Akwai ƙananan manhajoji da aikinsu ke nan, a kunna su sau ɗaya su cire wata cuta takamaimai daga kwamfutar da ta riga ta kamu. Waɗannan su suka cancanci sunan makari. Da izininka, Malam, zan ajiye musu shi.

Ƙanena da ya ce mai gadi ko dogari, ka matso kusa ƙwarai. Mai gadi ba ya barci, yana duba mai shiga da mai fita. Abin da ya rage masa shi ne a ƙofa yake tsaye, alhali wannan manhaja a cikin gida take, tana bin ɗaki-ɗaki, tana leƙa duk fayil ɗin da aka buɗe ko aka rubuta. Aikin ƙofa na wata manhajar ne daban, wadda ke tace abin da ke shigowa ta intanet.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na nace sai sunan ya dace da maginin manhaja. Shekarun baya na rubuta wa wani kantin magani 'yar manhajar lissafin kaya da harshen gina manhaja na Python. Na naɗe ta da wata manhaja mai suna PyInstaller ta zama fayil guda da za a danna ya buɗe, na kai na ɗora a kwamfutar kantin. Ko minti ɗaya ba a yi ba, manhajar kariyar da ke kai ta cafke ta, ta fito da jan gargaɗi. Mai kantin, dattijo ne mai mutunci, ya dube ni ya ce, "Ɗana, cuta ka kawo mini?" Kwana uku na yi ina wannan aiki, babu ko layi ɗaya na sharri a ciki. Ranar na ji ciwo sosai, kuma abin da ya fi damuna shi ne ba ni da kalmomin da zan yi masa bayani da Hausa.

Abin da ya faru shi ne, irin wannan manhaja hanya biyu take gane maƙiyi. Ta farko tana da kundin kamannin cututtukan da aka riga aka sani, tana gwada kowane fayil da su. Ta biyu tana kallon hali da siffa: sabon fayil ne, babu wanda ya taɓa ganinsa a duniya, babu sa hannun kamfani a jikinsa, ga shi a naɗe yana kwance kansa idan an kunna shi. Masu rubuta cuta ma haka suke naɗe tasu. Shi kuwa maginin manhaja kullum abin da yake haifarwa ke nan, sabon fayil marar shaida, sau goma ko hamsin a wuni. Wato manhajar kariya ta ga ɗan gida ta ɗauka baƙo ne.

Hajiya, ke da kika ce ma'aikaciyar jinya ce, amsarki ita ta buɗe mini ido. Kin ce abin da na kwatanta ai aikin garkuwar jiki ne. Na zauna na auna, sai na ga ko'ina ya hau. Garkuwar jiki a ciki take, ba dare ba rana. Tana gane cutar da ta taɓa gani. Tana zargin abin da ba ta sani ba. Tana cin ƙarfin jiki yayin da take aiki, shi ya sa mutum ke jin zazzaɓi da kasala. Kuma takan yi kuskure ta afka wa jikin da take karewa, kamar yadda ake samu a nau'in farko na ciwon sukari, inda take kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin. Wannan na ƙarshen babu wata kalma cikin waɗanda aka kawo da ta ɗauke shi. Ranar 19 ga Yulin 2024 duniya ta ga misalinsa: sabuntawa guda mai kuskure daga manhajar tsaro ta CrowdStrike ta kifar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a ƙididdigar Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Babu ɓarawon da ya shigo, garkuwar ce ta juya wa jiki.

Saboda haka ni na karkata ga garkuwar kwamfuta. Jama'armu sun riga sun san "garkuwar jiki" daga shekarun wayar da kai kan cutar ƙanjamau, ba sai an yi dogon bayani ba.

Ga kuma inda rigakafi ya dawo. Me allurar rigakafi ke yi? Koya wa garkuwar jiki kamannin cutar da ba ta taɓa gani ba. Sabunta kundin da manhajar ke saukowa da shi kullum, aikinsa ke nan daidai. Sai mu ce wa yaro: garkuwarka tana nan, amma yaushe rabon da ta karɓi rigakafi? Fayil ɗin da aka kama aka ware ba a goge ba kuwa, an killace shi, kalmar da kowa ya haddace a zamanin korona. Garkuwa, rigakafi, killacewa, makari, duk 'yan gida ɗaya ne, kowace ta san ɗakinta.

Yaya, ƙorafinka mai nauyi ne, ba zan tsallake shi ba. Ka ce a Arewa yau idan aka ce garkuwa, zuciya garkuwa da mutane take tunawa, kuma ga cutar da ke kulle fayiloli ta nemi fansa, wadda dole mu ce tana garkuwa da bayanai. Ka ce za a rikice. Na kwana ina juya maganar nan, don babu gidan da wannan masifa ba ta taɓa ba ko ta kusa ko ta nesa. Amma harshen da kansa ya raba su. Garkuwar abu ita ce mai kare shi. Yin garkuwa da abu shi ne ka riƙe shi ka fake a bayansa. Ba mu daina cewa garkuwar jiki ba, masarautu ba su daina naɗa sarautar Garkuwa ba. Ba na son mu sallama wa 'yan ta'adda kalma mai daraja irin wannan. Jimlar ma tana fita tsaf: garkuwar kwamfuta ita ke hana a yi garkuwa da bayananka.

Wani ya tambaya, to wace garkuwar zan ce yaran su ɗora? Sunan ya riga ya amsa rabin tambayar. Jiki ɗaya garkuwa ɗaya. Kada a tara biyu masu aiki lokaci guda, za su yi ta karo suna cinye ƙarfin na'ura. Shi ya sa Microsoft Defender, wadda ke zuwa cikin Windows 10 da 11 kyauta, take ja da baya da kanta idan aka ɗora wata. Ga ɗalibi mai tsohuwar kwamfuta, shawarata ya tsaya a kanta, ya bar ta tana karɓar rigakafi. Wanda ke son gwada wasu ya duba sakamakon cibiyoyin gwada garkuwoyi, AV-TEST da ke Jamus ko AV-Comparatives da ke Ostiriya, kuma kada ya tsaya ga yawan cutar da aka kama kawai. Ya duba yawan kamun kuskure da nauyin da take ɗora wa na'ura, su ne ke cizon maginin manhaja. Antibairos ɗin sata da ake turawa a filashi kuwa, wannan buɗe wa cuta ƙofa ne da hannunka, don babu manhajar da ake ba wa iko a cikin kwamfuta kamar garkuwa.

Maganar nauyi ita ce ta fi damun masu sana'armu. Aiki guda da aka rubuta da harshen JavaScript yana iya sauko da dubban ƙananan fayiloli, garkuwa kuma sai ta leƙa kowane ɗaya, harhaɗawar da za ta ɗauki minti ɗaya ta koma uku. Nan ne yara ke fusata su kashe ta gaba ɗaya, ko su ce mata ta kau da kai daga dukan faifan. Kada a yi haka. A ce mata ta kau da kai daga babban fayil (folda) ɗin da kake harhaɗa aikinka kaɗai, wurin saukar da kaya daga intanet kuwa a bar ta ta yi aikinta. A Windows 11 tun 2023 akwai Dev Drive, wani sashe na faifai da aka tanada domin wannan, inda Defender ke jinkirta bincike zuwa bayan an buɗe fayil maimakon ta tsayar da kai. Idan kuma an kama manhajarka bisa kuskure, kamfanonin suna da hanyar kai ƙara su gyara kundinsu. Mutane kan tura fayil shafin intanet na VirusTotal su ga abin da garkuwoyi da dama za su ce, amma a sani abin da ka tura can masu bincike na iya samunsa, don haka aikin da yake amanar wani ne kada ya je.

Zan kuma rubuta musu a babin cewa garkuwa tana da iyaka. Kod, wato rubutun manhaja, da kake jawowa daga rumbunan jama'a da hannunka kake shigo da shi. A 2018 an cusa sharri a wani kod mai suna event-stream da ke rumbun npm na JavaScript, domin satar kuɗin masu amfani da Copay, manhajar ajiyar kuɗin Bitcoin. A Maris 2024 ƙofar ɓoye da aka dasa a xz, manhajar matse fayiloli, wani injiniya ne, Andres Freund, ya gano ta saboda ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Idon mutum ne ya kama ta. Mai garkuwar jiki mai ƙarfi ma yana duba abin da zai sa a baki.

Malam ya sake magana, ya ce "garkuwar kwamfuta" ta ɗan yi tsawo, kuma ta wayar hannu fa? Gaskiya ne, Malam. Ina ganin a rubuce a fara da cikakken suna sau ɗaya, garkuwar kwamfuta ko garkuwar waya, daga nan a ci gaba da garkuwa kawai, kamar yadda na yi a nan ba tare da kowa ya ɓata ba. Haka zan sa a babin, kuma zan karanta wa yaran ranar Asabar in ga ko bakinsu zai ɗauka. Ita kuma waccan mai tsayuwa a ƙofar intanet, ƙanena ya ce mai gadi, wasu biyu sun ce ganuwa. Ku ajiye hujjojinku, ita za mu ɗauka gobe in Allah ya kai mu.